Tarihin Alexander Fleming, likitan da ya fahimci yadda miki ke warkewa

Da wuya a sami ɗan kasuwa daga Paraku zuwa Jugu, ko daga Malanbil zuwa Cikanda, wanda bai taɓa shan kafso ko karɓar allurar penisilin ba, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ake jingina wa wannan magani. Sunansa Alexander Fleming, mutumin yankin Sukotlan ne na ƙasar Birtaniya, an haife shi a 1881, ya rasu a 1955. Galibin masu ba da labarinsa penisilin kawai suke ambatawa su wuce. Mu kuwa a filinmu na yau mun fi son mu tsaya a kan aikin da ya shafe shekaru goma sha huɗu yana yi kafin nan, wato binciken miki: abin da ke gudana a cikin rauni, su wa ke tsaronsa, da kuma dalilin da ya sa wani maganin da ake zuba masa yake ƙara ɓata shi. Wannan magana ce da ta shafi mahaucin da wuƙa ta yanka a kasuwar Arzeke, da ɗan dakon da ƙusa ta soka, da ɗan zemijan da ya goge a kwalta, da kuma dattijo mai ciwon suga wanda gyambon ƙafa ya hana shi fita rumfa.

An haifi Fleming ranar 6 ga Agusta 1881 a wata gona da ake kira Lochfield, kusa da garin Darvel. Mahaifinsa Hugh manomi ne kuma makiyayin tumaki, ya yi aure sau biyu, ya haifi 'ya'ya takwas, Alexander ne na bakwai. Yana da shekara bakwai uban ya rasu, aka bar uwar da babban wansu suna riƙe da gonar. Yaron ya yi karatun farko a makarantar ƙauye, daga baya ya koma ta Darvel, inda yake taka mil huɗu da ƙafa zuwa, huɗu dawowa. Bai kai shekara goma sha biyar ba aka tura shi Landan wurin wani wansa mai suna Tom, wanda likita ne. Da ya gama ɗan karatun da ya samu, sai ya kama aikin akawu a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa, ya shekara huɗu yana rubuta lissafin kaya da takardun fito, aikin da duk wanda ya saba da hada-hadar tashar Kwatano ya san irinsa. Aikin bai kwanta masa ba. Yana ɗan shekara 20 wani baffansa ya rasu ya bar masa 'yan kuɗi, wansa Tom ya ba shi shawarar ya yi jari da su a karatun likita. Ya shiga makarantar asibitin St Mary's da ke Landan, ya fito a 1906, kuma a wannan asibiti ya ƙare rayuwar aikinsa baki ɗaya, kusan shekara hamsin.

Nufinsa da fari ya zama likitan tiyata. Abin da ya karkatar da shi kuwa ba wani babban abu ba ne: gwani ne wajen harbin bindiga, ƙungiyar maharba ta asibitin ba ta son ya tafi wani wuri, sai shugabanta ya nemo masa gurbi a ɗakin binciken wani babban malami mai suna Almroth Wright. Wright mutum ne mai kaifin baki da son gardama, Fleming kuwa shiru-shiru ne, ana iya wuni da shi bai yi magana goma ba. Duk da haka sun zauna tare shekaru masu yawa.

Aƙidar Wright ita ce jiki yana da sojojinsa, aikin likita shi ne ya taimaka musu. Asalin wannan ilimi daga wani Barashe ne, Elie Metchnikoff, wanda a 1882 ya soka ƙaya a jikin wani ɗan ƙaramin halittar teku mai sheƙi kamar gilashi, washegari ya duba da madubin likita ya tarar wasu ƙwayoyin halitta sun taru sun kewaye ƙayar. Daga nan ya gane cewa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a yau muke ji ana kira sojojin jiki a rediyo, suna tafiya da kansu zuwa inda aka ji rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta. Da wannan fahimta Fleming ya tafi yaƙi.

A fagen yaƙin Faransa

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai aka tura Wright da yaransa zuwa garin Boulogne da ke gaɓar tekun Faransa, inda aka mai da wani gidan caca asibitin soja, su kuma aka ba su wuri suka kafa ɗakin gwaje-gwaje. Abin da Fleming ya gani a nan bai taɓa barin zuciyarsa ba. Yaƙin a gonaki ake yin sa, gonakin da aka shekara ɗaruruwa ana zuba musu taki. Ɓarɓashin bam yakan shiga jikin soja tare da laka da tsumman riga, ya yi rami mai zurfi mai lunguna. Sojoji da yawa ba raunin ne ke kashe su ba, ƙwayoyin cutar da suka shiga ne: masu ruɓar da nama har ya kumbura da iska yana wari, da kuma tetanus mai sandare jiki ya ɗaure muƙamuƙi.

A lokacin likitoci sun yi imani da magungunan wanke miki masu ƙarfi irin su kabolik, tun daga zamanin Joseph Lister, wanda ya kawo su cikin aikin tiyata a 1867 ya ceci rayuka da dama. Sai ake kwarara su a cikin raunukan sojoji, amma mutane na ta mutuwa. Fleming ya ce bari ya gwada da idonsa. Ya ɗauki kwalbar gwaji ta gilashi, ya gasa ta a wuta, ya jawo mata 'yan ƙahonni masu rami a jiki, ta zama kamar miki mai lunguna. Ya zuba mata ruwa mai ƙwayoyin cuta, ya juye, ya cika ta da maganin wanke miki ya bar shi ya jima, ya sake juyewa, sannan ya zuba ruwa mai tsabta irin wanda ƙwayoyin cuta ke iya girma a ciki. Kashegari ruwan ya gurɓace. Ƙwayoyin sun ɓuya a cikin ƙahonnin inda maganin bai kai ba, da ya tafi suka fito.

Gwaji na biyu ya fi wannan tayar da hankali. Ya nuna cewa jini da mugunya suna karya ƙarfin waɗannan magunguna, sannan kuma maganin yakan kashe fararen ƙwayoyin jini tun kafin ya kashe ƙwayoyin cutar. Ma'ana, likita yana zuba magani da kyakkyawar niyya, amma masu gadin gidan yake fara kashewa, ɓarayin kuma suna lungu suna jira. Shawarar da shi da Wright suka bayar ita ce a yanke mataccen nama, a cire duk wani datti, a wanke da ruwan gishiri, a bar sojojin jiki su yi aikinsu. Manyan likitocin soja ba su ji daɗin wannan ba, musamman Watson Cheyne, almajirin Lister, wanda suka yi ta musayar zafafan rubuce-rubuce da Wright. Yawancin asibitocin fagen fama sun ci gaba da abin da suka saba har yaƙin ya ƙare a 1918.

A nan ya kamata mu yi adalci. Fleming bai ce a bar miki da datti ba, bai kuma ce maganin wanke miki ba shi da amfani ba. A kan fata da ƙaramin rauni na sama-sama yana aiki. Ruwan Dakin ɗin nan mai launin hoda da ake sayarwa a famasi a ƙasashenmu na sefa, shi ma a wannan yaƙi aka ƙirƙiro shi, kuma ya taimaka a inda aka fara yanke ruɓaɓɓen nama kafin a sa shi. Abin da Fleming ya ƙi shi ne tunanin cewa duk abin da ya fi zafi da raɗaɗi shi ya fi magani. Wannan tunani har gobe yana nan a tashoshinmu da garejinmu, inda mun sha ganin ana zuba wa rauni ruwan batir, ko man birki, ko baƙin mai, ko a shafa wa ƙuna man goge baki. In har kabolik na asibiti yana kashe sojojin jiki, ina ga ruwan batir?

Majina da hawaye

Bayan yaƙi Fleming ya koma St Mary's da tambaya ɗaya a ransa: shin akwai abin da zai kashe ƙwayar cuta ba tare da ya taɓa farar ƙwayar jini ba? A watan Nuwamba 1921 mura ta kama shi. Sai ya ɗiga majinarsa a kan wani farantin gilashi da yake renon ƙwayoyin cuta a kai. Bayan wasu kwanaki ya ga ƙwayoyin da ke kusa da majinar sun narke, wurin ya yi fes. Ya gwada hawaye, ya ga sun fi majina ƙarfi. Shi da mataimakinsa Allison suka riƙa matsa ɓawon lemun tsami a idanunsu don su sami hawayen gwaji, har ma'aikatan ɗakin aka riƙa biyan su 'yan kwabbai in sun yarda an sa su kuka. Ya sami wannan abu a cikin yawu, da nonon uwa, da farin ƙwai, da mugunya, da kuma cikin su kansu fararen ƙwayoyin jini. Aka raɗa masa suna laisozayim, ya wallafa bayaninsa a 1922.

Laisozayim yana cikin dangin sinadaran da masana ke kira enzayim. Kada sunan ya tsorata mai karatu, domin mutanen Borgu sun daɗe suna aiki da enzayim ba tare da sun san sunansa ba. Idan Bafulatana za ta yi wagashi, takan ɗora madara a wuta ta sa mata ruwan tumfafiya, nan da nan madarar ta tsinke ta dunƙule. Abin da ya yi wannan aiki enzayim ne da ke cikin tumfafiyar, wanda ke yanka sinadarin gina jiki na madara. Haka mai nannaɗe nama mai tauri a ganyen gwanda don ya yi laushi. Enzayim kamar ma'aikaci ne mai sana'a ɗaya tak: wani yanka ne aikinsa, wani ɗinki, kuma kaɗan daga cikinsa yakan yi aiki mai yawa ba tare da ya ƙare ba. Sana'ar laisozayim ita ce fasa bangon da ke kewaye da ƙwayar bakteriya, in bangon ya fashe sai ta mutu.

Ranar da Fleming ya gabatar da wannan bincike a gaban manyan likitocin Landan, babu wanda ya yi masa ko tambaya ɗaya. Wani ɓangare laifinsa ne, domin ba ya iya jawabi, murya ƙasa-ƙasa yake magana kamar mai ba da haƙuri. Wani ɓangaren kuma laifin laisozayim ne, domin ƙwayoyin da ya fi narkarwa ba su ne masu kisa ba. Bai zama maganin sayarwa ba. Amma ya tabbatar da cewa jiki yana ɗauke da makamansa na sinadari a hawaye da yawu da miki, abin da a da ba a ba shi muhimmanci ba.

Abin da aka gano bayansa

Bari mu ɗan jingine tarihin mutumin mu bi hanyar da ya buɗe, domin waɗanda suka zo bayansa sun gano cewa warkewar miki tun daga farko har ƙarshe aikin enzayim ne da sojojin jiki, kowa da lokacin shigarsa da na fitarsa.

Da an yanke, wani enzayim mai suna turombin yakan sa jini ya daskare ya toshe ƙofa cikin mintuna. Cikin 'yan sa'o'i rundunar farko ta fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira nutrofil, takan iso da yawan gaske. Waɗannan ba su da lallashi. Suna ɗauke da laisozayim ɗin Fleming, da wasu enzayim masu narkar da nama, da kuma wani wanda ke haɗa sinadari irin na ruwan javel a cikin mikin don ƙona ƙwayoyin cuta. Shi ne ma yake sa mugunya ta yi kore-kore. Ja da zafi da kumburin kwanakin farko alamar wannan faɗa ce, mugunya kuwa yawancinta gawarwakin waɗannan sojoji ne.

Bayan kwana biyu zuwa uku sai runduna ta biyu ta karɓi wurin, wato makurofaj, manyan maciyan da Metchnikoff ya fara bayyanawa. Su ne masu unguwar miki. Da fari suna faɗa, daga nan su share gawarwakin nutrofil, kuma wannan sharar ce ke juya halinsu daga yaƙi zuwa gini. Sai su aika saƙo ga wasu ƙwayoyin halitta masu saƙa, su zo su shimfiɗa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, wanda shi ne ke sa ganda da ƙafar saniya su yi danƙo in an dafa. A 1975 wasu masana biyu, Leibovich da Ross, sun nuna a jikin dabbobin gwaji cewa in aka kawar da makurofaj, miki yakan zauna da datti kuma warkewa ta yi jinkiri ƙwarai. Shi kansa saƙa kolajin ɗin yana buƙatar wani enzayim da ba ya aiki sai da bitamin C, shi ya sa matuƙan jiragen ruwa na da, masu watanni ba su ga ɗanyen abu ba, tsofaffin tabbansu kan sake buɗewa. Lemu da gwaba da mangwaro da 'ya'yan kashu da ke zube a gefen hanyar Paraku zuwa Jugu suna da rabonsu a cikin warkewar miki.

Saƙa kaɗai ba ta isa ba, dole a sami mai warwara. A 1962 Jerome Gross na Amurka da Charles Lapiere na Beljiyam suka tambayi kansu yadda ɗan kwaɗo ke rasa wutsiyarsa in zai zama cikakken kwaɗo. A cikin wutsiyar suka gano enzayim mai yanka kolajin. Daga baya aka sami irinsa fiye da 20 a jikin ɗan Adam, tare da wasu sinadarai masu riƙe musu linzami. Su ne ke share wa sabuwar fata hanya ta rufe miki, su ne kuma ke ci gaba da gyara tabo har shekara guda ko fiye, suna warware zaren da aka saƙa cikin gaggawa ana maye shi da mai tsari. Duk da haka tabo ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

To a nan ne matsaloli biyu da muka sani suke fitowa. In faɗan farko ya ƙi ƙarewa, saboda datti ko mataccen nama ko ciwon suga ko ƙarancin gudun jini, sai nutrofil su yi ta zuwa, enzayim masu yanka su yi yawa, duk abin da aka saƙa da rana su warware shi da dare. Wannan shi ne gyambo. In kuma masu saƙa ne suka ƙi tsayawa, sai kolajin ya taru ya yi tudu ya wuce iyakar raunin, ya zama tabon nan mai kumburi da ƙaiƙayi da likitoci ke kira keloyid. Ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, yakan bi dangi, kuma ya fi son kunne da ƙirji da kafaɗa da haɓa. Hujin kunne, ko tsagar wanzami, ko ƙurjin aski na iya tayar da shi. Wanda ya san gidansu ana yin irin wannan tabo, ya kamata ya faɗa kafin a sa masa aska ko wuƙar tiyata. Mai shi kuma kada ya ba wani ya yanke masa a gida, domin in an yanke shi kawai ba a haɗa da wani magani ba, sau da yawa yakan dawo ya fi na da girma. Wani abin mamaki shi ne jaririn da ke ciki, a farkon watanninsa, in ya sami rauni yakan warke ba tabo, kuma masana sun lura cewa kumburi da taron sojojin jiki a mikinsa kaɗan ne ƙwarai.

Fumfunar da ta sa ya yi suna

A farkon Satumba 1928 Fleming ya dawo daga hutu ya tarar da tarin farantan da ya bari a kan teburi, domin shi ba mutum ne mai kintsa wurin aiki ba. A ɗaya daga ciki fumfuna ta fito, irin wadda ke fita a kan tsohon burodi, kuma ƙwayoyin cutar da ke kusa da ita sun narke. Wani zai jefar da farantin ne. Shi kuwa ya taɓa ganin irin wannan da'ira shekara bakwai da suka wuce a gefen majinarsa, don haka ya tsaya. Ya reni fumfunar, ya tace ruwanta, ya sa masa suna penisilin. Cikin gwaje-gwajen da ya yi har da wanda ya koya a Boulogne: ya haɗa ruwan da fararen ƙwayoyin jini, ya ga bai cutar da su ba. Ga abin da yake nema tun zamanin yaƙi.

Ya wallafa a 1929, amma ya kasa tace maganin ya tsaya, domin ba masanin haɗa sinadarai ba ne, kuma abin saurin lalacewa gare shi. Sannu a hankali ya koma wasu ayyukan. Shekara goma bayan haka wasu masana a Jami'ar Oxford, Howard Florey ɗan Ostireliya da Ernst Chain, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, waɗanda da ma laisozayim suke bincike, suka ci karo da takardar tasa. Tare da Norman Heatley, wanda ya ƙera kayan tacewa da tarkacen da ya samu, suka fitar da maganin. Ranar 25 ga Mayu 1940 suka sa wa ɓeraye takwas cuta mai kisa, suka yi wa huɗu allurar penisilin. Waɗannan huɗu ne suka kwana da rai. A Fabrairu 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander. Ya fara farfaɗowa, maganin ya yi ƙaranci har suna tace shi daga fitsarinsa suna sake yi masa, daga bisani ya ƙare, mutumin ya rasu. Kamfanonin Amurka ne suka yawaita shi kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

A ganinmu tarihi ya ɗan yi son kai a nan. 'Yan jarida sun je wurin Florey ya ƙi ganinsu, suka je wurin Fleming ya karɓe su, sai sunansa ya cika duniya. An ba su kyautar Nobel su uku a 1945, Fleming da Florey da Chain, Heatley kuwa bai samu ba. Haka nan labarin da ke yawo a wayoyi cewa mahaifin Fleming ya ceci Churchill daga nutsewa yana yaro, shi ya sa aka biya wa Fleming kuɗin makaranta, ƙirƙira ce, babu ƙamshin gaskiya a ciki.

Maganin ya iso ƙasashenmu da ƙarfinsa. Tsakanin 1952 da 1964 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun bi ƙauyuka a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma, suna yi wa miliyoyin mutane allurar penisilin don kawar da cutar gyambon fata da Faransawa ke kira piyan. Allura ɗaya, gyambo ya bushe cikin 'yan makonni. Ba mamaki da kakanninmu suka ɗauki allura da girma haka.

Sai dai tun a jawabinsa na karɓar Nobel a Disamba 1945 Fleming ya yi gargaɗi. Ya ce yana tsoron ranar da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, mutum ya sha ƙasa da kima, bai kashe ƙwayoyin cutar ba sai dai ya koya musu jure maganin, sannan ya shafa wa iyalinsa cutar da ba ta jin magani. Da hujjarsa, domin tun 1940 Chain da Edward Abraham sun gano cewa wasu bakteriya suna da nasu enzayim ɗin mai karya penisilin. Wannan ne dalilin da ya sa daga baya aka haɗa amoksisilin da wani sinadari mai toshe wancan enzayim, irin haɗin da ake sayarwa da sunan Augmentin.

Ranar da ya ji tsoro ta zo, kuma wasu daga cikinmu ne ke riƙe da tiren. Kafso biyu, a sha yau a bari gobe, ko a fasa kafso a barbaɗa garin a kan miki, duk wannan ciniki ne na yau da kullum a kasuwannin kan iyaka. A Oktoba 2009 an yi taro a Kwatano inda tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac da wasu shugabannin Afirka suka yi kira a yaƙi jabun magunguna, a Fabrairu 2017 kuma hukumomin Benin suka kai samame Ajegunle da ke kasuwar Dantokpa suka kwashe magungunan da ake sayarwa a can. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta marasa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Ƙaramin rauni mai tsabta ba ya buƙatar kafso. Ruwa mai tsabta da sabulu, a cire datti, a rufe da bandeji mai tsabta, sun wadatar. Wanda ya yi zurfi, ko na ƙusa, ko cizo, ko wanda jansa ke yaɗuwa da zazzaɓi, ko kowane miki a ƙafar mai ciwon suga, wannan na asibiti ne tun da wuri, tare da allurar tetanus. A Paraku akwai asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, a Jugu kuma akwai asibitin Ordre de Malte.

Shekaru goman ƙarshe na rayuwar Fleming a tafiye-tafiye suka ƙare, ana karrama shi daga wannan ƙasa zuwa waccan, shi kuwa yana nan da ƙarancin maganarsa. Sarkin Ingila ya ba shi lambar Sir a 1944. Matarsa ta fari, Sarah, ma'aikaciyar jinya 'yar Ailan wadda ya aura a 1915 suka haifi ɗa ɗaya mai suna Robert, ta rasu a 1949. A 1953 ya auri wata likita 'yar Girka mai suna Amalia da ke aiki a sashensa. Ranar 11 ga Maris 1955 ciwon zuciya ya kama shi a gidansa da ke Landan, ya rasu yana da shekara 73, aka binne shi a majami'ar St Paul's inda Ingila ke binne manyanta. Waɗanda suka zauna da shi sun ruwaito cewa har ƙarshe ya fi alfahari da laisozayim a kan penisilin. Shekara goma bayan rasuwarsa, a 1965, David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka fitar da cikakkiyar surar laisozayim na farin ƙwan kaza, ya zama enzayim na farko da masana suka ga yadda aka gina shi da kuma tsagar da yake kama bangon bakteriya da ita ya karya.